Waɗanda Suka Riga Farfesoshi Magana: Tambayoyi da Amsoshi kan Magabatan da Aka Manta a Ilimin Raya Tattalin Arziki

Duk shekarar da na koyar da tarihin tunanin tattalin arziki, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawo mini, daga 'yan aji uku, da masu rubuta kundin kammala digiri, da malaman sakandare masu neman ƙarin haske. Na tattara su a nan na sa musu lamba, domin wata amsar takan jingina da wata. Mai sauri ya tsallaka zuwa wadda ta dame shi.

1. Malam, mene ne ma ake nufi da tunanin raya tattalin arziki?

Tambaya ɗaya ce tak take ɗauke da shi: me ya sa wannan ƙasa ke cikin wadata, maƙwabciyarta na fama da babu, kuma me za a yi wa ta bayan ta kamo ta gaban? Sauran rassan wannan ilimi suna duba yadda farashi ke tsayawa a kasuwa, ko yadda kuɗi ke zagayawa a shekara guda. Shi wannan reshen idonsa na kan sauyin da ke cin shekara arba'in ko hamsin, wato yadda ɗan manomi ke zama ma'aikacin masaƙa, ƙauye ya zama birni, ƙasar da ke sayar da kiraga ta koma sayar da takalma. Duk wanda ya zauna ya yi wa wannan tambaya amsa da hujja, ko a wane ƙarni ya rayu, ya shiga cikin tarihin da muke magana a kai.

2. Yaushe littattafan makaranta suka ce an fara wannan ilimi?

Yawanci sukan ɗora farkonsa a 1943, shekarar da Paul Rosenstein-Rodan, yana zaune a Landan, ya buga maƙala kan yadda za a kafa masana'antu a gabashi da kudu maso gabashin Turai bayan yaƙi. Misalinsa ya shahara. Ka ɗebo mutum 20,000 daga gona ka zuba su a kamfanin takalmi, kamfanin zai durƙushe, don ba takalmi kaɗai za su saya da albashinsu ba. Amma ka ɗebo miliyan guda ka rarraba su a masana'antu iri-iri, sai kowa ya zama mai sayen kayan ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ke nan.

Daga nan sai a ambaci jawabin rantsar da shugaban Amurka Harry Truman na 20 ga Janairun 1949, inda ya yi alkawarin tallafa wa yankunan da ba su ci gaba ba, sai Raúl Prebisch da Hans Singer a 1949 da 1950, sai Ragnar Nurkse a 1953, sai Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia, a 1954. Lewis ya ba gwamnatin Nkrumah shawara a Ghana, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1979. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da aka haifa a shekarun nan shi ne kujerar farfesa, da mujalla, da ofis a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita tambayar ta girme su da ɗaruruwan shekaru.

3. To ta yaya aka yi aka manta da na farkon?

Harshe ne babban shinge. Wanda ya yi rubutu da Larabci, ko Italiyanci, ko Amharik, ko Japananci, bai shiga jerin karatun jami'o'in Ingila da Amurka ba, kuma daga can aka kwafo manhajar da muke koyarwa. Sai kuma sigar rubutun. Yawancin mutanen nan alƙalai ne, ko ma'aikatan fada, ko 'yan siyasa, ko ma fursuna. Wasiƙar nasiha ga sarki suka rubuta, ko rahoto ga majalisa, ba lissafi mai haruffa da zane ba. Da ilimin ya rungumi lissafi a ƙarni na 20, duk abin da bai shiga wannan ma'auni ba sai aka tura shi sashen tarihi ko na addini.

Akwai kuma rinjaye. Bayan David Ricardo ya kawo hujjarsa a 1817, cewa Ingila ta riƙe saƙa, Fotugal ta riƙe giyar inabi, kowa zai ci riba, sai aka riƙa kallon duk mai cewa ƙasa ta gina masana'antarta da gangan a matsayin wanda bai fahimci darasi ba. Hatta Joseph Schumpeter, wanda ya fi kowa faɗin karatu a wannan fanni, a babban tarihinsa da ya fito a 1954 ya tsallake shekara wajen 500 kafin zamanin Thomas Aquinas, malamin addinin Kirista na ƙarni na 13, ya kira su babban giɓi. Cikin giɓin nan Abu Yusuf da Gazali suka yi rubutu (duba tambaya ta 5).

4. Ana yawan ambaton Ibn Khaldun. Me ya faɗa takamaimai game da arzikin ƙasa?

An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya kuma rubuta Muƙaddima a 1377 a wani sansani da ke Aljeriya ta yau. Tushen maganarsa shi ne dukiya daga aikin mutane take fitowa idan suka haɗu suka raba aiki. Ya ce mutum ɗaya ba zai iya samar wa kansa alkamar da zai ci ba, amma in shida ko goma suka haɗu, da maƙeri, da kafinta, da mai kula da shanun huɗa, da masu girbi, abin da za su samu zai ninka bukatarsu sau da yawa. Rarar nan ita ke haifar da sababbin sana'o'i, sana'o'in su jawo mutane, mutanen su ƙara kasuwa, a haka birni ke ta hauhawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya gwada hujjar da idonsa. Ya kwatanta birnin Fas na Maroko da Tilimsan ta Aljeriya, ya ce alƙalin Fas ya fi alƙalin Tilimsan wadata, ɗan kasuwa ya fi ɗan kasuwa, har mabaraci ya fi mabaraci. Ya ce ya ga mabaratan Fas a lokacin babbar salla suna bara a ba su kuɗin abin layya, wasu na roƙon nama da man shanu da tufafi, har da rariya da tukwane. Wanda ya yi irin wannan roƙo a ƙaramin gari, korar sa za a yi. Wannan awon matsayin rayuwa ne, shekara ɗari biyar da wani abu kafin gwamnatoci su fara tara alƙaluman kuɗin shigar ƙasa a kai a kai. Ya kuma lura cewa zinaren da aka sani a zamaninsa daga ƙasar Sudan yake fitowa, wato Afirka ta Yamma, wadda ta fi kusa da Magrib (yankin Maroko, Aljeriya da Tunisiya), amma duk da haka ƙasashen gabas sun fi Magrib dukiya. Ke nan ba ma'adini ke kawo wadata ba.

Kan haraji, ya ce a farkon daula kuɗin da ake yanka wa mutum kaɗan ne, abin da ake tarawa mai yawa, a ƙarshenta kuwa yanka mai nauyi, tari kaɗan, domin mutane sun karaya sun bar noma da fatauci. Wannan ce maganar da Ronald Reagan ya jingina da ita a taron manema labarai a Oktoban 1981, abin da ya sa mutane da yawa a Yamma ita kaɗai suka sani daga littafin gaba ɗaya. Ya kuma yi gargaɗi mai zafi kan sarki ya shiga kasuwanci da kansa, don yakan danne 'yan kasuwa, harajin ma ya ragu. Riƙe wannan, za mu koma kansa a tambaya ta 12.

5. Shi kaɗai ne cikin malaman Musulunci?

A'a. Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa kuma alƙalin alƙalai a Bagadaza, wanda ya rasu a 798, ya rubuta wa Haruna Rashid Kitabul Kharaji. Ya ba da shawarar a bar yanka wa gona haraji tsayayye, a koma karɓar kaso daga abin da aka girbe, don kada shekarar fari ta karya manomi, kuma baitulmali ya ɗauki nauyin haƙa manyan magudanan ban ruwa tunda amfaninsu na kowa ne. Imam Gazali a Ihya'u ya kawo misalin allura, wadda ya ce sai ta bi ta hannun masu yin ta sau wajen 25 kafin ta yi amfani. Ɗalibai sukan yi shiru idan na tuna musu cewa misalin fil ɗin Adam Smith na 1776 matakai 18 ne.

Sai Maƙrizi, almajirin Ibn Khaldun, da ya rubuta ɗan littafi a 1405 kan yunwar da ta addabi Masar. Bai tsaya ga ƙarancin ruwan Nilu ba. Ya ɗora laifin kan abu uku na hannun mutum: sayen muƙami da cin hanci, tsadar hayar gona, da cika kasuwa da kuɗin tagulla har suka zubar da darajar kuɗi.

6. Wane ne Antonio Serra, kuma me ya sa wasu ke ce masa na farko a wannan fanni?

Mutumin Cosenza ne a kudancin Italiya. A 1613, yana tsare a kurkukun Vicaria da ke Napoli, ya rubuta ɗan gajeren littafi ya sadaukar ga wakilin sarkin Sifaniya mai mulkin garin. Damuwar lokacin ita ce kuɗi sun yi ƙaranci a Napoli. Wani mai suna Marc'Antonio de Santis ya ce laifin canjin kuɗi ne, a kayyade shi da doka a huta. Duk wanda ya saurari muhawarar naira da dala zai ji kamar ya san wannan murya. Serra ya ce canji alama ce kawai, ciwon yana wani wuri.

Sai ya ɗora birane biyu a sikeli. Napoli na da ƙasar noma, tana fitar da abinci da siliki da mai, amma babu kuɗi. Venis a kan ruwa take zaune, ba gona, ba ma'adini, abincinta ma sayowa take, amma ga dukiya. Dalilin da ya bayar shi ne yawan sana'o'in ƙira da saƙa, da himmar mutane, da faɗin fatauci, da tsayayyen tsarin mulki, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Ya kuma faɗi abin da ya sa ake tuna shi: gonar da ke cin iri awo 100 ba ka isa ka sa ta ci 150 ba, amma kayan masana'anta kana iya ninka su sau biyu, kai har sau 200, tsadar kowane guda tana raguwa. Noma na jiran sama, masaƙa ba ta jira.

Ba a saurare shi ba. A 1617 an kai shi gaban sabon wakilin sarki ya yi bayani, aka mayar da shi kurkuku. Littafin ya ɓace fiye da shekara ɗari kafin Ferdinando Galiani ya yabe shi a ƙarni na 18, kuma kwafin bugun farko da suka rage 'yan kaɗan ne ƙwarai.

7. Hamilton da List ai sanannu ne. Me ya kawo su cikin waɗanda aka manta?

An san sunansu, an ajiye hujjarsu. Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ya miƙa wa majalisa rahoto kan masana'antu a Disambar 1791, yana cewa jaririyar masana'anta ba za ta iya kokawa da ta Ingila ba sai an tallafe ta da kuɗin fito da tukuici. Tun kafin shi, a 1684, shekara guda bayan Turkawa sun yi wa Vienna ƙawanya, Philipp von Hörnigk ya jera wa Ostiriya ƙa'idoji tara, cikinsu har da cewa kada ɗanyen kaya ya fita sai an sarrafa shi a gida, kada kuma a shigo da abin da za a iya yi a gida.

Friedrich List Bajamushe ne da ya yi gudun hijira zuwa Amurka a 1825, ya ga tsarin Hamilton yana aiki, ya koma ya buga littafinsa a 1841. Ya ce ikon samar da dukiya ya fi dukiyar kanta muhimmanci, ya yi wa masu bin Smith ba'a cewa a lissafinsu mai kiwon alade yana samarwa, mai koyar da yara ba ya samarwa. Shi ne ya ce Ingila ta hau sama da tsanin kariya, wato kare masana'antun gida daga kayan waje, da ta kai sai ta shure tsanin. Ha-Joon Chang ɗan Koriya ta Kudu ya farfaɗo da wannan magana a 2002. Amma kada a ɓoye wa ɗalibi ɗan Afirka wannan: List ya ɗauka ƙasashen zafi ba su dace da masana'antu ba, rabonsu su ci gaba da sayar da ɗanyen kaya. Tsanin da yake kuka a kai, ba mu ya nema wa ba.

8. Me 'yan Indiya suka kawo tun suna ƙarƙashin Turawa?

Dadabhai Naoroji ya fara bayyana hujjarsa ta tsiyayar dukiya a 1867, ya tattara ta a littafi a 1901. Indiya na fitar da kaya fiye da abin da take shigowa da shi kowace shekara, amma rarar ba ta dawowa. Tana tafiya ne a fanshon jami'an Ingila, da albashin da suke aikawa gida, da ruwan bashin jirgin ƙasa, da kuɗin tafiyar da ofishin Indiya da ke Landan. Abin da ya kamata ya zama jari a Bombay sai ya zama jari a Ingila. Ya zauna da alƙaluman gwamnatin kanta ya lissafa cewa in an raba abin da ƙasar ke samarwa, kowane mutum rufi 20 yake samu a shekara. Sai ya ɗauko abin da ake kashewa wajen ciyar da fursuna da tufatar da shi, ya nuna ko a shekarar albarka da ƙyar abin da ake samu zai kai wannan. A 1892 ya ci zaɓen majalisar dokokin Ingila daga wata mazaɓa a Landan da ratar ƙuri'a biyar, ya kai ƙarar har zauren masu mulkin.

A wannan shekarar dai, Mahadev Govind Ranade, wani alƙali, ya yi lacca a Pune yana cewa dokokin tattalin arzikin da ake koyarwa daga yanayin Ingila aka ciro su, ba za a ɗora su a kan Indiya yadda suke ba. Ya koka cewa ƙasar da ta shahara da saƙa ana mayar da ita ƙauye mai noma wa wasu auduga. Ya karanta List, ya ɗauki hujjar kariya, ya yar da maganar ƙasashen zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

9. Sin da Japan fa?

Sun Yat-sen, bayan yaƙin duniya na ɗaya, ya tsara yadda za a karkatar da masana'antun yaƙi da jarin ƙasashen Yamma zuwa gina ƙasar Sin: layin dogo mil 100,000, titin mota mil miliyan guda, manyan tasoshin ruwa uku masu girman ta New York, da datse kogin Yangtze. Littafin ya fito da Turanci a farkon shekarun 1920, mutane da yawa suka ɗauke shi mafarki. An fara ginin madatsar a 1994.

A Japan, Kaname Akamatsu ya bi alƙaluman masaƙu a shekarun 1930 ya ga salo guda yana maimaita kansa: a fara shigo da kaya, a koma yin su a gida, a ƙare da fitar da su, sannan sana'ar ta sauka ga ƙasar da ke biye. Ya kamanta abin da jerin dinyoyi a sama. Sai a farkon shekarun 1960 aka karanta shi da Turanci. Labarin Zhang Peigang ya fi ban tausayi. Ya kammala kundin digirin digirgir a Harvard a 1945 kan dangantakar noma da masana'antu, aka buga shi a 1949, ya koma gida, siyasa ta ɗauke shi daga bincike na kusan shekara talatin, har da ɗora shi kan kula da gine-ginen wata kwaleji.

10. An ce Prebisch da Singer ne suka gano cewa mai sayar da ɗanyen kaya kullum baya yake ci. Akwai wanda ya riga su?

Su ne suka tsayar da maganar da alƙaluma masu tsawon shekaru, wannan nasu ne. Amma a 1929 Mihail Manoilescu ɗan Romaniya ya buga littafi da Faransanci yana cewa ma'aikaci a masana'anta yana samar da ninkin abin da manomi ke samarwa, saboda haka ƙasar noma da ke musaya da ƙasar masana'antu aikin mutane da yawa take bayarwa ta karɓi na 'yan kaɗan. Masu masana'antun São Paulo a Birazil suka sa aka fassara shi a 1931. Abin da ya binne sunansa siyasarsa ce. Ya karkata ga 'yan fasist, shi ne ministan harkokin waje da ya sa hannu aka yanke wa Romaniya arewacin Transylvania a 1940, ya mutu a kurkukun 'yan gurguzu a 1950. Bayan yaƙi ba wanda ke son a gan shi yana ambaton irin wannan mutum. Wani kuma ya riga shi a Habasha, ga shi a tambaya ta gaba.

11. Akwai ɗan Afirka cikinsu? Ƙasar Hausa kuma fa?

Akwai Gebrehiwot Baykedagn na Habasha, wanda aka haifa a 1886 kusa da Adwa. Ya tafi Turai yana yaro ya yi karatu da Jamusanci, ya yi tafinta a fadar Sarkin Habasha Menelik, ya zauna a Sudan, ya riƙe kwastan a Dire Dawa, ya rasu a 1919 yana da shekara 33. Littafinsa na Amharik kan gwamnati da tafiyar da jama'a ya fito a 1924. A ciki ya yi bayanin asarar da ke cikin ba da ɗanyen kaya a karɓo sarrafaffe, ya yi gargaɗin cewa hanya da layin dogo ba tare da ilimi da sana'a ba za su ƙara saurin kwashe ƙasa ne. Sai a 1995 aka samu fassararsa da Turanci.

A ƙasar Hausa, Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarauta a ƙarshen ƙarni na 15, har da inda dukiyar hukuma ta halatta ta fito da inda za ta tafi. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya jera karɓe-karɓen da ya ƙi da sunayensu na Hausa, irin su jangali, kuɗin gari, kuɗin salla da gaisuwa. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne Muhammadu Bello, Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa cikin aikin shugaba ya reni masu sana'a, manoma, maƙera, maɗinka, marina, masu magani, mahauta, kafintoci, ya rarraba su kowane gari da ƙauye, ya sa a yi tanadin abinci, ya kula da ganuwa da gadoji da kasuwanni da hanyoyi. Ka lura, yawan sana'o'i a wuri guda shi ne abin da Serra ya gani a Venis (tambaya ta 6). Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake saƙawa ana rinawa ana fitarwa waje a kuɗin wuri miliyan 300 a shekara, suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Sai dai a faɗi biyu. Rubutun Bello fiƙihun shugabanci ne, yana faɗin abin da ya wajaba a yi, bai tsaya warware yadda wannan ke haifar da wancan ba kamar Ibn Khaldun. Kuma wani babban kaso na noman da ya ciyar da masaƙun nan bayi ne suka yi shi a rinji. Kundin da ya yabi tsarin ya ƙi ambaton rinji, ni ba na sa masa hannu.

12. Ashe duk bakinsu ɗaya ne, gwamnati ta kare masana'antu?

Ko kusa. Ibn Khaldun na tsoron hannun sarki a kasuwa (tambaya ta 4), List da Hörnigk kuwa hannun hukuma suke nema. Naoroji ya daɗe yana ganin cinikin da ba shinge ba shi ne matsalar ba, tsiyayar ce matsala. Sun Yat-sen jarin waje yake kira, alhali Naoroji ruwan bashin waje yake kuka da shi. Abin da ya haɗa su shi ne inda suke tsaye: kusan dukkansu daga ƙasar da aka bari a baya ko take gangarowa suke kallon duniya. Shi ya sa suka ga abin da mai zaune a Manchester ba shi da dalilin gani.

Sun kuma yi kurakurai. Lissafin Manoilescu ya ɗauki tsadar da kariya ta jawo a matsayin ƙwazon ma'aikaci, Jacob Viner da Bertil Ohlin suka kama shi a kan rauninsa tun a farkon shekarun 1930. Kariya kuma ba ta da tabbas. List da kansa ya ce ta ɗan lokaci ce, a janye ta in masana'anta ta girma. Wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, bayan shekaru ana hana shigo da atamfa a takarda tana shigowa ta kan iyaka, ya san rufe ƙofa ba ya maye gurbin wutar lantarki da auduga mai kyau.

13. Zan iya rubuta a kundina cewa Ibn Khaldun ne uban ilimin tattalin arziki, Turawa kwafa suka yi?

Kashi na farko ra'ayi ne da wasu masana suka riƙe, kana iya kare shi in ka faɗi ma'auninka. Kashi na biyu kada ka rubuta. Malaman Daular Usmaniyya ta Turkiyya irin su Katib Celebi da Na'ima sun yi aiki da Muƙaddima tun ƙarni na 17, amma cikakken bugunta na Larabci a Masar da Faransa sai a 1857 da 1858 ya fito, fassarar Faransanci ta biyo baya a shekarun 1860, ta Turanci cikakkiya a 1958. Smith ya rasu tun 1790. Riga wani faɗin magana daban, zama tushen da ya ɗebo daban. Inda sarƙar ta tabbata, kamar daga Hamilton zuwa List zuwa Ranade, ka nuna ta da gaba gaɗi.

Na taɓa zama a wajen kare wani kundi inda mai jarrabawa daga waje ya ce wa ɗalibata babin Ibn Khaldun na sashen nazarin addinin Musulunci ne, ta cire shi. Ba ta yi gardama ba. Ta buɗe shafin mabaratan Fas ta karanta masa, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan wane babi ne na fiƙihu?" Ya yi dariya, babin ya zauna. Da ta tsaya kan cewa an sace mana ilimi, da ta sha wuya a ranar.

14. Ina son in yi bincike a kan wannan. Ta ina zan fara?

Ɗauki mutum ɗaya da tambaya ɗaya. Kundin da ya ce zai kwaso daga Abu Yusuf zuwa Lewis a shafi sittin jerin sunaye zai zama. Karanta asalin rubutun ko cikakkiyar fassararsa, kada ka dogara da jimla biyun da ke yawo a intanet, domin yawancin masu ambaton harajin Ibn Khaldun ba su kai ga babin birane ba. Sannan ka nemi abin da ke faruwa a garin marubucin a shekarar da ya ɗauki alƙalami: ƙarancin kuɗi a Napoli, yunwa a Alƙahira, sabuwar daula a Katsina mai neman a zaunar da mutane.

In kana da Larabci, kana da abin da yawancin masana wannan fanni ba su da shi. Rubuce-rubucen shugabannin Sakkwato na nan a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'in Kano da Zariya da Ibadan. Bello na da wani ɗan littafi kan hukunce-hukuncen neman abin kai, Tanbihus Sahib, wanda ya kamata a karanta shi gefe da gefe da wasiƙarsa ga Dallaje. Ka tafi da littafin rubutu da fensir, ka kuma tambayi ma'aikacin wurin tun da farko ko ana barin ɗaukar hoton shafi.